Kibiyar da Ta Yi Tafiya da Kanta

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata wadda har yanzu ban ɗauka a hannu ba. Allah ya raya mana ita, ya sa ta zama sanyin idonku. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwa? Kin ce ƙafafunki na kumbura in kin daɗe kan aiki. Don Allah ki riƙa samun wuri kina ɗan zama, marasa lafiyar ba za su ƙare a hannunki ke kaɗai ba.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar mamanki ta yi sauƙi sosai, har ta koma fita kasuwa da ƙafarta, ko da yake in ta dawo ni ne mai laifi don ban hana ta fita ba. Auta yana makaranta, ya ce karatu da wuya amma abinci ya fi karatun wuya. Goggonki ta tashi daga tsohon gidan nan mai yoyo ta koma kusa da 'yarta, ta ce in gaishe ki in kuma tambaye ki ko kin manta lambarta ne. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni, tun da na rufe gareji hannuna ke ƙaiƙayi, ba abin da ya rage a gidan nan mai murfi da ban buɗe na leƙa ba.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta miki doguwar takarda. Kin yi ta tambaya me ya sa kwana biyu ba ma fitowa a bidiyo sai dai murya a waya, na ce miki kwamfutar na wurin gyara, zan ba ki labari in komai ya lafa. Ya lafa yanzu. Labarin kuma ba na waya ba ne, don in na fara a waya mamanki za ta karɓe ta ba da shi yadda ya yi mata daɗi.

Kin san yadda mamanki ta ɗauki kwamfutar nan da kika bar mana. Idonta ba ya ganin fuskar jikarta a ɗan allon waya, saboda haka wannan kwamfutar ita ce tagar da take leƙo ku. Don tsananin so ta ɗinka mata riga mai kauri har da aljihun caja, ta kuma ware mata filo guda, a kansa ake ɗora ta in za a kira ki, wai kada teburi ya ƙarce mata ciki. Ba ma kashe ta. In an gama magana sai a rufe murfin kawai a mayar mata da rigarta. Akwai kuma wani ɗan saƙo da yakan fito a gefen allo yana cewa babbar manhaja na son a sabunta ta. Bai taɓa fitowa ba sai daidai lokacin da ake gaggawar kiranki, shi ya sa kullum amsarsa ɗaya ce, a bari sai an jima. A haka muke har ta fara nauyi. In ka kunna ta, kana iya dafa shayi ka sha rabi kafin ta farka. Cikinta ya yi zafi kamar dutsen guga, fankarta na huci kamar motar da ta ɗauko kaya ta hau tudu.

Wannan hucin ne ya ja ni. Wata safiya mamanki ta fita, na ciro cajar, na kashe ta sosai, na kifa ta a kan teburi, na ɗauko ƙaramin sukundireban da nake gyara tabarau da shi. Uwata, ban taɓa jin mamaki irin na ranar ba. Ni da na ƙare rayuwata a cikin injin, na saba duk abin da ke aiki yana motsi, wani ya juya wani, wani ya tura wani, in ka bi motsin da ido za ka gane inda ciwon yake. Amma nan sai na tarar da wani koren faranti shimfiɗe, da 'yan layuka sirara kamar titunan gari in ka hango su daga saman bene, ga 'yan baƙaƙen abubuwa zaune shiru. Ba bel, ba giya, ba mai. Na daɗe tsaye ina tambayar kaina, to a ina ake yin aikin? A ina muryarki take bi ta fito? Abin da na gane kaɗai shi ne fanka, ita ma ƙura da gashin auduga sun toshe mata hanyar iska sun zama kamar bargo. Na share da buroshi mai laushi na mayar da murfi. Ƙusa ɗaya ta yi saura, na rasa raminta. Mamanki da ta dawo ta gan ta a cikin faranti ta ce ai daman ba ta taɓa ganin na haɗa abu ba tare da an sami rara ba.

Zafin ya ragu, hucin ya daina, amma nauyin yana nan. Sai na gane ashe ciwon ba a jiki kaɗai yake ba, akwai wani a wurin da sukundireba ba ta kaiwa. Wannan ya ƙara min kwaɗayin sani. Bayan azahar na zauna na shiga intanet na rubuta da yatsa ɗaya cewa ina neman yadda ake sa kwamfuta ta yi sauri. Abubuwa suka fito rututu, na danna na sama saboda ya fi kyan launi. Nan take allon ya rine ja, wata ƙara ta tashi kamar jiniyar motar asibiti, ga rubutu manya-manya wai ɓarayi sun shiga kwamfutar, kada in kashe ta, in kira wannan lamba yanzu-yanzu. Na nemi inda zan rufe shafin na rasa. Sai na kira.

Mutumin da ya ɗauka, in gaya miki gaskiya, ya fi mutane da yawa da na sani ladabi. Ya gaishe ni, ya kira ni Baba, ya ce in kwantar da hankalina, shi ma'aikacin babban kamfanin da ya ƙera manhajar ne, sun daɗe suna ganin kwamfutata na kuka daga can wajensu. Ya sa na sauke wata 'yar manhaja, ya ce in karanto masa lambobin da suka fito, na karanto. Sai ya ce in ɗauke hannuna. Na ɗauke. Uwata, kibiyar nan da ke bin yatsana, sai ga ta ta motsa da kanta! Ta yi sama, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta gangaro ta buɗe wani wuri. Hannayena biyu suna kan cinyata. Da a ce ina da hankalin da ya kamata, nan ne zan tsorata. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni. Na matso da kujera har hancina na kusan taɓa allon, na ƙwala wa mamanki kira ta zo ta ga ikon Allah.

Na shiga jero masa tambayoyi. Na ce shi ma a can yana ganin abin da nake gani ne? In na motsa kibiyar shi ma ya motsa, wa zai rinjayi wani? Motsin hannunsa ta wace hanya yake zuwa har ɗakinmu, kuma me ya sa ba ya makara? Da farko yana amsawa a taƙaice, daga baya na ji yana sauke numfashi. Ya buɗe wani baƙin allo da rubutu ke gudu a kai, ya ce duk waɗannan ɓarayi ne. Na ce masa ya ɗan tsayar in karanta sunan ko da ɗaya. Bai tsayar ba. Can sai ya ce don ya tabbatar ba su kai ga bankina ba, in buɗe shafin bankin in shiga yana kallo.

Mamanki tana bakin ƙofa da hannu jiƙe, ta baro wanke-wanke. Ba ta kalli allon sosai ba, ni take kallo. Ta tambaye ni wane ne wannan, na ce ma'aikacin kamfani. Ta ce wa ya ba shi labarin kwamfutarmu ba ta da lafiya, kuma tunda ita ce ba ta da lafiya, me ya kawo banki cikin maganar? Na ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru ana aiki. Ta taka zuwa bayan kabad ta finciko doguwar wayar nan mai soket da yawa daga bango. Akwatin intanet ya mutu, talabijin ya mutu, har firji ya yi shiru. Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allo. Muryar da ke kirana Baba ta sauya nan take, ya ce in ban mayar da intanet yanzu ba duk abin da ke cikin kwamfutar ya tafi har abada, kuma ni na jawo. A wannan muryar ta biyu na gane wanda nake hira da shi. Na katse kiran.

Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana neman kalmar sirri. Mu ba mu taɓa sa mata ba, kin sani. Ashe yayin da nake ta tambayoyina ya ɗaura mata tasa. Na gwada sunanki, na gwada na Auta, ta ƙi. Sai mamanki ta zauna a hannun kujera ta ce a hankali, ai bidiyoyin Inna suna ciki. Bidiyoyin nan da kika zauna kika ɗauki kakarki a shekararta ta ƙarshe, tana ba ki labarin mutanen da. Na ce ai akwai su a wayarki, ta tuna min wayar ce ta faɗa ruwa kafin tafiyarki. Wato duk duniya muryar mahaifiyata a wuri ɗaya ta rage, kuma ga shi wani da ban taɓa gani ba ya kulle ya tafi da makullin. Ranar ban iya cin abinci ba. Mamanki ba ta yi min faɗa ba, hakan kuwa ya fi faɗan ciwo.

Washegari mai kantin magani na bakin titi ya kwatanta min wata mai gyara a saman benensu, kowa Injiniya yake ce mata. Mace ce wadda ba za ta wuce sa'ar babbar yayarki ta wajen Goggo ba, mai tabarau a goshi da wani a ido. Shagon ɗan ƙarami ne, matakalarsa a tsaye, kwamfutoci jere a kan kanta kowace da 'yar takarda manne, ga fitila mai dogon wuya a kan teburi da tire cike da ƙusoshi ƙanana. Na ji ƙamshin dalma na ji kamar na dawo gida. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta taɓa kwamfutar ba sai da ta gama yi min tambayoyi. Me ya faru a ƙarshe kafin ta lalace, me na danna, na shiga bankin ko ban shiga ba, sannan mene ne a ciki wanda in ya ɓata ba a sayo wani a kasuwa. Na gaya mata komai, har da cewa ban kai ga shiga bankin ba. Ta ce a gaishe mata da wadda ta cire wayar, don abin da ita ma za ta fara yi ke nan. Sannan ta sa na zauna nan take na canza kalmar sirrin imel ɗina da ta banki ta wayata, ba ta kwamfutar ba, ta ce duk abin da baƙo ya shiga, ba a sake ba shi amana sai an wanke shi tas.

Na roƙe ta ta bar ni in kalli aikin. Ta dube ni ta ce masu kawo gyara sukan ce ne yaushe za su dawo, ba su cika neman kujera ba. Na ce ni tsohon makaniki ne, ba zan taɓa komai ba. Ta turo min benci. Sai ta ɗauko ɗan filas kamar yatsa ta soka a gefe ta kunna. Uwata, kwamfutarmu ce, da ƙarcen da ke murfinta da komai, amma ta farka da wata fuska daban, ba ta nemi kalmar kowa ba. Na ce mata wannan kuma wane siddabaru ne? Ta yi dariya ta ce abin da na saba gani in na kunna ba shi ne kwamfutar ba, babbar manhaja ce, ita ke raba wa sassan aiki, ta ce wa allo nuna wannan, ta ce wa lasifika faɗi wancan, ta san inda aka ajiye kowane fayil. Ɓarawon ita ya kulle. To ita ta zo da wata a cikin filas, ta bi ta wata ƙofar. Na ce ashe ke nan duk wanda ya sace kwamfuta zai iya yin haka ya ga kayan mutane. Ta ce ƙwarai, shi ya sa akwai hanyar kulle faifan ajiyar kansa, sai dai wanda ya yi haka ya adana makullin da kyau, don in ya ɓace ko ita ba ta iya buɗewa. A namu dai rashin wannan kullen ne ya cece mu. Na yi ta juya wannan magana a raina, abu ɗaya ya zama rauni kuma ya zama mafita.

Ta nemo foldar da kika rubuta wa sunan Inna, tana nan. Ta fara kwafewa zuwa wani faifai na waje. Ana cikin tafiya sai aikin ya tsaya, na ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ciki. Wannan kam kunnena ya sani, na ce mata akwai abin da ke ciwo a nan. Ta ce faifan ajiyar ne, ya tsufa, zafin da ya daɗe yana sha a kan filo kuma bai taimaka masa ba. Ashe ban da fanka akwai wani abu mai juyawa a ciki, a rufe cikin gwangwaninsa shi ya sa ban gan shi ba. Ta ce ko da ɓarawon bai zo ba, wannan faifan yana gab da tafiya da komai wata rana ba sallama. Ta bi a hankali, in ya ƙi ta bar shi ya huce ta sake. Duk suka fito lafiya sai bidiyo ɗaya da ya fito da rauni. Daga nan ta cire tsohon faifan ta sa sabo, wani ɗan siriri wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, ta ɗora babbar manhaja sabuwa fil. Na riƙe tsohon a hannu ina ɗan jin tausayinsa, shi kaɗai ne ɗan garinmu a cikin akwatin nan.

Aikin ya ɗauki 'yan kwanaki, kullum kuma ina kan bencin nan, har mamanki ta ce in za ni in tafi da tabarmata. Na tambayi Injiniya dalilin nauyin tun farko. Ta nuna min a tsohon faifan cewa akwai manhajoji har kala-kala masu cewa su masu gadi ne ko masu shara, waɗanda suka shigo a maƙale da wasu abubuwa da aka sauke, kowace na tashi da zarar an kunna, suna ta kokawa da juna. Ta ce mai gadin da ya zo tare da babbar manhajar ya isa, in dai ana barinsa ya sabunta kansa. Ga faifan kuma ya cika maƙil, alhali ita ma tana son ɗan fili da za ta juya. Game da saƙon nan da muke ta cewa sai an jima, ta ce masu manhajar kullum suna gano 'yan ɓaraka a jikinta, ɓarayi ma suna ganowa, sabuntawar ita ce facin da ake aiko wa. Na ce to me ya sa ba su ƙera ta ba ɓaraka tun farko? Ta ce ni na taɓa ganin motar da ta fito daga kamfani ba ta sake ganin makaniki ba? Nan kam ta kama ni. Ta saita ta yadda za ta riƙa sabunta kanta a lokacin da ba ma amfani da ita, ta kuma ce rufe murfi barci ne kawai, a riƙa kashe ta sosai ana sake kunnawa lokaci-lokaci.

Ta yi mana ƙofa biyu ta shiga. Ɗaya ta yau da kullum, wadda ba ta da ikon ɗora sabuwar manhaja, da ita muke kiranki. Ɗayar ta mai gida ce, sai an sa kalmar sirri. Ta ce kalmar ta zama doguwa, magana guda da mutum ba zai manta ba amma baƙo ba zai canka ba. Mamanki ce ta zaɓa, kuma ba zan rubuta ta a nan ba, amma ki sani a kaina take, kuma ba yabo ba ne. Ta ƙara da cewa ba kamfanin kirki da zai tsorata mutum da jiniya ya ba shi lambar waya. In shafi ya sake kama allo haka, kada a kira kowa, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, shafin ba shi da wani ƙarfi sai wanda tsoro ya ba shi. Wannan ya ba ni haushi da dariya lokaci guda. Ashe a lokacin da jiniyar ke kuka ba ɓarawo ko ɗaya a ciki, sai da na buɗe masa da hannuna.

Yanzu tana gida, a kan teburi, filon ya koma gado. Rigar tana nan amma sai ta huce ake sa mata. Har na yi gyarana na farko. Shekaranjiya sauti ya ɗauke, mamanki ta ce shi ke nan mutumin ya dawo. Na yi yadda Injiniya ta koya min, na tambayi kaina me ya canza a ƙarshe, na kuma taɓa abu ɗaya-ɗaya maimakon in hargitsa duka. Ashe mamanki ce ta goge madannai da tsumma ta danne na kashe sauti. Na kuma gano da kaina inda ake ƙara harshe a madannai, shi ya sa kika ga haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai a takardar nan. Daga yau in na ce ƙafar mamanki, ƙafa nake nufi, ba kafa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ainihin abin da ya zaunar da ni. Injiniya ta yi wa bidiyoyin Inna kwafi biyu ban da na cikin kwamfutar. Ta ce ɗaya ya zauna a gida amma ba a soke a jikinta ba, ɗaya kuma ya bar gidan gaba ɗaya. Sannan ta ce kwafin da ba a buɗe an gani ba, ba kwafi ba ne, zato ne kawai, don haka in je in buɗe su ɗaya bayan ɗaya in tabbatar. Uwata, tun rasuwar Inna ban taɓa kallon bidiyoyin nan ba. Na san suna nan, sanin ya ishe ni. Amma aiki aka ba ni, sai na zauna da hantsi na fara. Mamanki ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Da na iso kan mai raunin, ya fara lafiya, Inna na zaune a kan kujerarta tana gyara mayafi. Sai hoton ya tsaya a daidai lokacin da wayar ta karkace a hannunki, ba a ganin komai sai hannunta a kan gwiwa da gefen zanenta. Muryar kuwa ta ci gaba. Kin tambaye ta yadda nake ina yaro. Ta ce miki ban taɓa barin abu a rufe ba, ta ba ki labarin ranar da na kwance rediyon babana don in ga mutumin da ke magana a ciki. Wannan na sani, na tuna dukan da na tsallake don ta tare ni a bayanta. Abin da ban sani ba shi ne abin da ta faɗa bayan haka. Ta rage murya ta ce miki ai ta gan ni tun ina kwance ƙusar farko, tana iya hana ni, amma ta laɓe a bakin ƙofa ta yi shiru, don ita ma ta daɗe tana son ta ga abin da ke ciki. Ta ce da na buɗe ba mu ga kowa ba, ta fi ni jin haushi, kuma har yau ba wanda ya yi mata bayanin da ya gamsar da ita. Sai ta yi dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari, ke ma kina dariya. Ni duk rayuwata na ɗauka ni kaɗai ne a gidanmu da wannan ciwon. Mamanki ta share ido da bakin gyale ta ce to yanzu ta san wanda za ta kai wa ƙara, sai dai an riga an makara.

Na koma wurin Injiniya na tambaye ta ko hoton zai dawo. Ta gwada iya ƙoƙarinta, ta ce wannan ɓangaren ya tafi tare da tsohon faifan. Na karɓi hakan, muryar ma ba ƙaramar kyauta ba ce. Kwafi na biyun zan ba ƙanin maigidanki in zai taho wajenku, ya zauna a hannunki. Ke ma don Allah hotunan amaryata kada ki bar su a waya ɗaya, kin ga abin da ruwa ya yi miki a baya. Ki kwafe, ki buɗe ki gani da idonki, kuma in naki saƙon ya fito kada ki ce masa sai an jima.

Amma ga roƙona na gaske. Lokacin da Inna ke faɗin maganar nan, ke ce a gabanta. Duk duniya ke kaɗai kika ga fuskarta a wannan lokacin. Ki zauna in kin sami sarari ki rubuto min yadda ta yi. Ta kalli ƙofa ne kada in ji? Ta rufe baki da mayafi yadda takan yi in ta faɗi abin da bai kamata ba? Idonta ya yi ƙyallin nan? Kada ki taƙaita, kuma kada ki ƙara komai don ki faranta min. Yadda kika gani kawai nake so.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ranar hutunki mai zuwa ki sa wa jikarta rigar da ta aiko ki zaunar da ita kusa da allo. Auta na gaishe ki, Goggonki da 'ya'yanta na gaishe ki, haka Kawunki da iyalinsa. Injiniya ma ta ce a gaishe da mai kwamfutar. Ki gaishe min da maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa godiyar riƙon da yake muku. Amaryata kuma ki gaya mata angonta na nan yana koyon sabon aiki, kada ta saurari masu cewa ya tsufa. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a inda idona ba ya kaiwa, ya sada mu da alheri.

Ni ne mai jiran amsarki,
Babanki.